Yaro siriri da lilon wurin shaƙatawa: tambayoyin iyaye

Idan Sallah ta zo, iyalai kan cika Gamji da sauran wuraren wasan yara na Kaduna. Ga abin da ya kamata mai yaro siriri ya sani kafin ya yanki tikiti.

Me ya sa ake auna tsawo, ba a tambayar shekaru?

Saboda kujera da ƙarfen da ke riƙe mutum an ƙera su ne daidai da wani girman jiki. Manyan lilo masu gudu da yawa suna buƙatar tsawon santimita 122, wanda yara kan kai wajen shekara bakwai. Ƙananan kan fara daga 90 zuwa 100. Ku auna yaron a gida, ba takalmi, ya jingina da bango. Sa masa takalmi mai tudu don ya haye awo yaudarar kai ne, ƙarfen bai san takalmi ba.

Ɗana ya kai tsawon amma ba shi da jiki. Ya hau?

Nan ne awon tsawo ke gazawa. Ƙarfen yana kama cinya da ƙugu ne, siririn yaro kuwa yana iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa. Bayan an kulle, a duba: bayansa ya manne da kujera, ƙarfen ya taɓa cinyarsa, bel ya zauna a ƙugu, ba a kan ciki ba. In dunƙulen hannu ya shige tsakanin ƙarfen da cinyar, a sauke shi.

Mafi haɗari shi ne ƙarfe ɗaya na mutum biyu. Yana tsayawa ne inda ya ci karo da cinyar babba, ya bar wa ƙaramin rata. Uba mai jiki da ke ganin zamansa kusa kariya ce, shi ne ya buɗe ratar. Gara a haɗa yaron da mai jiki kusa da nasa.

A lilo mai juyawa, ina zai zauna?

Ta ciki, babba ta waje. Juyin yana tura kowa waje, in yaron ne a can nauyin babba zai danne shi.

In na ɗora shi a cinya fa?

A'a. Hannu ba ya riƙe yaro idan injin ya fizga. Ko a abin wasan sulɓi da ake zamewa daga sama, takalminsa kan maƙale a gefe, nauyin uwar ya ci gaba da tafiya, ƙashin ƙwauri ya karye.

Gidan iska na tsalle-tsalle ai ba matsala ko?

Matsalarsa cakuɗa manya da ƙanana, ana gware da kai. A jira zagayen sa'o'insa. A duba ko an ɗaure gidan da turaku, kuma da hadari ya taso, irin guguwar farkon damina, a fitar da kowa.

Kayan Sallah fa?

Dogon hijabi, gyale da babbar riga suna iya shiga taya ko sarƙa. A cusa su ciki ko a tuɓe. A zafin Maris da Afrilu a taɓa ƙarfe da hannu tukuna, yana ƙona fata.

In wuta ta ɗauke yana sama?

Tun a ƙasa a gaya masa ya zauna ya riƙe ƙarfe har mai kula da lilon ya zo. Yaron da ba zai iya bin wannan umarni ba bai isa hawa shi kaɗai ba. Mai sikila ko farfaɗiya, ko wanda ramarsa ta ciwo ce, a tambayi likitansa kafin a fito.