Ma'anar "Bonk": Karyewar Ƙarfin Mahayin Keke a Tsakiyar Hanya

Masu bin tseren keke a intanet suna yawan cin karo da wata gajeriyar kalma, "bonk". Faransawa, da 'yan'uwanmu na Nijar da ke sauraron tseren da harshen Faransanci, suna ce mata "fringale". Abin da ake nufi shi ne yanayin da ƙarfin mahayi ke yankewa kwatsam bayan ya yi nisa, saboda sukarin da jiki ya tanada ya ƙare. Ba gajiyar da kowa ya sani ba ce, wadda ke zuwa a hankali. Wannan a cikin 'yan mintuna take kayar da mutum.

Ga yadda abin yake a kan sirdi. Mutum yana tafiya lafiya lau, sai ya ji fedar ta yi nauyi, ya leƙa ƙasa ya duba ko iskar taya ce ta sace, ya ga komai daidai. Ya sassauta giya, bai ji sauƙi ba. Daga nan sai gumi mai sanyi ya karyo masa ko da rana na dukansa, hannu ya fara karkarwa a kan kan keken, ido ya riƙa ganin dishi-dishi. Lissafin kilomitar da ta rage ma sai ya gagara. Wani ya kama faɗa da abokan tafiya ba gaira ba dalili, wani ya yi tsit, tunaninsa duk ya koma kan abinci. Idan aka ci gaba da matsawa a haka, jiri na iya kwasar mutum ya faɗi a kan titi, wanda a hanyar da manyan motoci ke bi ba ƙaramin haɗari ba ne.

Tushen matsalar a hanta da tsoka yake. Duk abin da muka ci mai sitaci ko zaƙi, tuwo ne, shinkafa ce, burodi ne ko rake, jiki na mayar da shi sukari, ya adana wani kaso a matsayin abin da masana ke kira gilaikojin. Hanta na riƙe da kimanin giram 100, tsokoki kuma giram 400 ko kusa da haka, gwargwadon girman mutum da horonsa. Jimilla wajen kalori 2,000 ke nan, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Mai tuƙi da ƙarfi yana iya ƙona kalori 600 zuwa 800 a awa guda, kuma ba duka ajiyar ce ƙafafu ke iya amfani da ita ba, don haka bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu tasu ta kusa ƙarewa idan ba a ƙara komai ba.

Za a ce to kitse fa? Gaskiya ne, ko siririn mutum yana ɗauke da kitsen da ya kai dubun-dubatar kalori. Amma kitse gungumen itace ne, yana ci a hankali, ya daɗe. Sukari kuwa wutar kara ce, nan take take tashi. Hawan tudu ko bin ayarin masu gudu yana buƙatar wuta mai tashi da sauri. Da zarar sukari ya ƙare, jiki na komawa kan kitse kusan shi kaɗai, gudun mutum ya faɗi ƙasa warwas. Ƙwaƙwalwa ce ta fi jin jiki, domin ita da sukarin da ke cikin jini take aiki, hanta ce kuma ke zuba mata shi. Shi ya sa ruɗewa da jiri ke biyo bayan mutuwar ƙafafu.

Ba yau aka gano wannan ba. A gudun famfalaƙi na birnin Boston a Amurka, a 1924, likitoci sun auna jinin wasu 'yan tsere suka tarar waɗanda suka fi galabaita su ne sukarinsu ya fi yin ƙasa. Shekarar da ta biyo baya aka ba su alewa suna sha a hanya, aka ga bambanci. A 1966 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka yi gwaji a jikinsu: suka zauna gefe da gefen keken motsa jiki guda, kowa na taka feda da ƙafa ɗaya har ta gaza, sannan aka tsakuri tsokar cinyoyinsu aka duba. Ƙafar da ta yi aiki ce kaɗai ajiyarta ta ƙare, kuma bayan 'yan kwanaki na cin abinci mai sitaci, ita ce ta cika har ta zarce 'yar'uwarta. A 1967 binciken ya ci gaba da nuna cewa mutanen da suka yi kwanaki suna cin nama da kitse ba su kai awa ɗaya a kan keke ba, amma da suka koma cin sitaci sun kusa awa uku.

Gwanaye ma ba su tsira ba. A gasar Tour de France ta 2013, babbar gasar tseren keke ta Faransa, Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi, yana sanye da riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa, ya ɗaga hannu yana neman agaji saura 'yan kilomitoci a kai ƙarshen hawan dutsen Alpe d'Huez. Abokin tafiyarsa Richie Porte ya ja baya zuwa motar ƙungiya ya karɓo masa ɗan ƙunshin ruwan sukari mai kauri, alhali dokar gasa ta hana karɓar abinci daga mota a wannan gaɓar. Aka ci su tarar daƙiƙa 20 kowannensu. A ganina cinikin ya yi riba, domin da bai sha ba, mintuna zai yi asara. Shi ne kuma ya lashe gasar a shekarar.

To me za a ci? Ƙa'idar da masana abincin 'yan wasa suka fi yarda da ita ita ce: tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ruwa ya isa. Daga awa ɗaya zuwa biyu da rabi, giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa. Abin da ya wuce haka, ana iya kaiwa giram 90, amma sai an haɗa nau'in sukari biyu, gulukos da furuktos, saboda hanji ba ya iya shigar da gulukos fiye da giram 60 a awa, shi kuwa furuktos ƙofarsa daban. Sukarin shayi na gida rabi da rabi ne na waɗannan biyun, zuma ma tana ɗauke da su duka.

Nan ne nake ganin bai kamata a ruɗi matasanmu da tallan kayan ƙasashen waje ba. Ayaba matsakaiciya tana da kimanin giram 25 na sitaci da sukari. Ƙaramin dabino busasshe, irin wanda ake aunawa a kasuwa, giram 5 zuwa 6, wato guda goma sun kusa cika ƙa'idar awa guda, ga shi zafi ba ya narkar da shi a aljihu. Akwai mazarƙwaila, akwai dafaffen dankali, akwai burodi da zuma. Gorar ruwa ta rabin lita, a zuba cokali biyu ko uku na sukari da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu, a matsa lemon tsami, ta biya buƙata. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi da tsire abinci ne masu kyau, sai dai suna daɗewa a ciki kafin su ba da ƙarfi. A bar su sai an sauka. Fura da nono ma ta fi dacewa da bayan tafiya, ko awa biyu zuwa uku kafin a tashi, tare da koko ko shinkafa.

Lokacin ci ya fi nau'in abincin muhimmanci. Aiki mai tsanani yana danne jin yunwa, don haka wanda ya ce sai cikinsa ya yi ƙugi zai ci, ya makara. A fara tun cikin rabin awar farko, kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20, a kora da ruwa. Wanda bai saba ba kada ya fara da giram 90, ciki zai murɗa. Hanji ma sai da sabo.

Idan abin ya riga ya faru, a sauka daga keken, a nemi inuwa, a sha abu mai zaƙi mai saurin shiga jini. Kwalbar lemo ta kanti tana da sukari sama da giram 30, a nan ta yi rana. Cikin minti 15 zuwa 20 kai zai washe, amma ƙafafu ba za su dawo yadda suke ba a ranar, domin cika ajiyar tsoka yana ɗaukar kusan yini da kwana. Sai a lallaɓa a koma gida.

A yi hattara kada a haɗa wannan da bugun zafin rana, musamman a watannin Maris da Afrilu. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, kuma sukari bai farfaɗo da shi ba, a jiƙa shi da ruwa a garzaya da shi asibiti. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin ya tuntuɓi likitansa kafin doguwar tafiya, don shi faɗuwar sukarinsa ta fi sauri. Mai azumi kuwa, zuwa la'asar hantarsa ta riga ta yi nisa da ƙarewa, saboda haka doguwar tafiya sai bayan an sha ruwa, ko kuma gajeriya a hankali dab da magariba, a kusa da gida.