Kare kundin digiri

Kare kundin digiri zama ne da ɗalibin digiri na biyu ko na uku yake yi a gaban kwamitin malamai, ya bayyana binciken da ya rubuta, ya amsa tambayoyinsu da baki. Manufar ita ce a tabbatar aikin nasa ne, kuma ya san abin da ya rubuta.

Tarihi

Asalin abin muhawara ce. A jami'o'in Turai na farko, irin su Faris da Bolonya, wadda ake danganta kafuwarta da wajen 1088, mai neman zama malami yakan tsaya a bainar jama'a ya kare wasu ra'ayoyi da harshen Latin, malamai suna kawo suka yana warwarewa. Rubutu a lokacin bai taka kara ya karya ba, baki ne jarrabawar.

A Jamus lamarin ya sauya. Bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810 bisa tunanin masani Wilhelm von Humboldt, sannu a hankali aka koma neman ɗalibi ya kawo sabon ilimi a rubuce, muhawara ta zama cikamakin aiki. Jami'ar Yale ta fara ba da digirin digirgir a Amurka a 1861, Oxford kuwa ba ta karɓi tsarin ba sai 1917.

Tsohuwar al'adar ba ta mutu ba. A Holan, ɗalibi yakan zo da mutum biyu masu rufa masa baya, kuma da lokaci ya cika sai jami'in bikin ya shigo da sandarsa ya sanar da Latin cewa sa'a ta yi, ko da ana tsakiyar amsa. A Finland da Suwidin akan naɗa malami guda takanas don ya ƙalubalanci ɗalibin a gaban jama'a.

Kundin

A jami'o'in Najeriya an fi sabawa da babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, ƙalailaice bayanai, sai kammalawa. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin, yana gaba, manazarta (jerin ayyukan da aka duba) da rataye (ƙarin bayanai) suna baya. Babi na biyu ne ya fi tona asiri, domin jera sunayen magabata ba bita ba ce. Ana so ɗalibi ya nuna inda suka tsaya, da giɓin da shi zai cike.

Zaman karewa

A Najeriya yawanci hawa uku ne: kare shawarar bincike (tsarin aikin da ɗalibi yake son yi), karewa ta cikin gida, sannan ta ƙarshe da malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Akan ba ɗalibi ɗan lokaci, sau da yawa ƙasa da rabin sa'a, ya taƙaita aikin ba tare da ya karanta daga allo ba. Daga nan sai tambayoyi: me ya sa ka zaɓi wannan ra'i, wato tunanin masana da ka ɗora aikin a kai, ina ka samo wannan adadi? Akan sa ya fita a yi shawara. Mafi yawa sukan wuce da sharaɗin gyara.

Nijar ta bi tsarin Faransa: ƙofa a buɗe take, dangi sukan halarta, kuma a nan take kwamiti ke sanar da sakamako. A Ingila malamai biyu ne da ɗalibi a ɗaki.

Saɓani

Ana jayayya kan ko manhajoji irin su Turnitin sun isa gano satar fasaha. Haka kuma ba ko'ina aka ɗauki zaman karewa a matsayin dole ba: jami'o'i da dama a Ostareliya sun daɗe suna ba da digirin ba tare da zaman baki ba.