Ƙaurar tsuntsaye a lokacin bazara a jihar Maradi

Ƙaurar tsuntsaye ita ce tafiyar da wasu nau'o'in tsuntsaye ke yi kowace shekara tsakanin inda suke hayayyafa da inda suke cin rani. A jihar Maradi, kamar sauran yankin Sahel, tafiya biyu ce ke haɗuwa a bazara, daga Maris zuwa Mayu: baƙin da suka zo daga Turai da yammacin Asiya suna haramar komawa arewa, su kuwa tsuntsayen Afirka irin su shamuwa suna isowa daga kudu gabanin saukar damina.

Masu komawa arewa

Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace kaka. Daga cikin masu yada zango a Nijar akwai tsattsewa, da kurciyar Turai, da agwagin ruwa, da farar shamuwar Turai (Ciconia ciconia), da wani shaho mai suna Circus pygargus wanda ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa gonaki yana kamun fara. Kafin su tunkari Sahara, wadda faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, dole su tara kitse, har wasu ƙananan kan kusa ninka nauyinsu. Wahalar ita ce wannan shiri yana faɗowa a ƙarshen rani, lokacin da tafkuna suka janye, ciyawa ta ƙare. Galibin ƙananan da dare suke tafiya, da rana su fake a inuwa.

Dangantakar Sahel da Turai ta fito fili a 1969, lokacin da yawan wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Ingila, aka kuma gano cewa farin da ya afka wa Sahel a 1968 ne sanadi.

Shamuwa

Shamuwa (Ciconia abdimii) ita ce tsuntsuwar ƙaura da Bahaushe ya fi sani. Baƙa ce mai farin ciki, idan lokacin hayayyafa ya yi fatar fuskarta kan yi shuɗi da ɗan ja kusa da ido. Tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta iso ƙasar Hausa wajen watan Mayu, ta yi sheƙar ƙirare a kan manyan itatuwa irin su kuka da tsamiya a tsakiyar gari, sau da yawa sheƙa da dama a itace guda. Manomi na ganinta ya san lokacin gyaran gona da tanadin iri ya yi. Ba a cika taɓa ta ba, kuma wannan kariya ta al'ada ta dace, domin fara da tsutsotsin da ke ɓarnar amfanin gona su ne abincinta.

Wuraren yada zango

Tafkin Madarunfa, kudu da birnin Maradi, shi ne ruwa mafi muhimmanci ga tsuntsaye a jihar, an kuma sanya shi cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, a 2019. A nan baƙin agwagi kan cuɗu da ƴan gida irin su kirinjijiya, dinya, zalɓe da balbela. Fadamun Gulbin Maradi da dajin Baban Rafi su ma mafaka ne, haka gandun Gadabeji da ke arewacin jihar, wanda aka keɓe a 1955, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da shi a matsayin wurin kare halittu a 2017.

Sai dai yawancin ƙananan tsuntsayen a gonaki suke zama, musamman kan gawo. Shi gawo da rani yake ganye, ya zubar da damina, don haka a watannin da sauran itatuwa suka bushe shi ke tara ƙwarin da suke ci. Sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi masa gyara, wanda ya samo asali a yankin Maradi a shekarun 1980 ya kuma bazu zuwa hekta wajen miliyan 5 a Nijar, an yi shi ne don amfanin ƙasa da itacen girki, amma ya mayar wa waɗannan matafiya abincin da sare daji ya raba su da shi.

Tsuntsayen da ba a cika gani ba

An tabbatar da nau'o'in tsuntsaye sama da 500 a Nijar. Wasu kan ɓace hanya saboda iska ko ƙurar hazo su bayyana inda ba a saba ganinsu ba, wasu kuwa ƙarancinsu ya samo asali ne daga raguwa. Gauraka da tuje sun yi wuyar gani. Farar ungulu (Neophron percnopterus), wadda wasunta ke zuwa daga ƙasashen Balkan, tana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa tun 2007, kuma farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu magani babban abin takaici ne. Kafin masana su karɓi labarin baƙon tsuntsu sukan nemi hoto da ranar da aka gan shi da sunan wurin. Idan an tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, lambar da ke jiki ita ke nuna ƙasar da aka sanya masa shi, kuma ma'aikatan gandun daji ne ya kamata a kai wa.