Wai da gaske gwamnati za ta yanke wa 'yan kasuwa farashi? Ga abin da dokar ta ce

Shekaranjiya da daddare kawuna ya kira ni, shi shinkafa da taliya da man gyaɗa yake sayarwa, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce wai ka ji za a fara kama mutane? Wani sakon murya ne aka turo musu a gurup ɗin 'yan layinsu, wai gwamnati ta fito da doka duk wanda ya sayar da buhu sama da kuɗin da aka yanke shekara uku a gidan yari da tarar miliyan 10, kuma duk mai kaya a sito a kwashe kayan. Har ya fara tunanin kwashe buhu arba'in ɗin da yake da su ya kai gidan ƙaninsa cikin dare. Na ce Kawu don Allah ka bar kayanka a inda suke.

Wannan jita-jitar ba yau ta fara ba, duk sanda kaya suka tashi sai ta dawo, kuma abin da ke sa ta kama mutane shi ne akwai ɗan gaskiya a cikinta. Dokar tana nan. Sunanta dokar gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, ita ce ta haifi hukumar da ake ce wa FCCPC. Shekara uku da miliyan 10 ɗin ma suna ciki. Inda aka yi ƙarya shi ne laifin da aka jingina musu.

Dokar ta shafi duk mai saye da sayarwa a Najeriya, daga mai tireda har kamfanin siminti har kamfanin waje da ke cin kasuwa a nan.

To sashe na 107 da ake ta tsorata mutane da shi bai ce komai a kan ka sayar da kayanka da tsada ba. Abin da ya hana shi ne ka sa baki a farashin WANI, ko ta yarjejeniya ko barazana ko alƙawari, don ya ɗaga kuɗin kayansa ko don kar ya rage, ko ka ƙi sayar masa da kaya saboda yana karya farashi. Wato idan kai kaɗai ka zauna ka lissafa kuɗin mota da na 'yan dako da abin da ka bayar a shingaye a hanya ka ce buhuna kaza ne, wannan hakkinka ne, mai saye in ya ga dama ya wuce gaba. Amma in ku goma kuka zauna bayan la'asar a ofishin ƙungiya kuka ce daga gobe ba wanda zai sayar ƙasa da kaza, wanda ya saɓa a ci shi tara ko a rufe masa shago, to nan ne kuka taka dokar. Hukuncin mutum ɗaya ɗaurin da bai wuce shekara uku ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba ko duka biyun, kamfani kuma har kashi 10 cikin 100 na cinikin da ya yi a shekarar da ta gabata. Ku lura, cinikin aka ce, duka kuɗin da ya shigo, ba ribar ba. Kuma "bai wuce" aka ce, wato iyakar sama ce, sannan sai an gurfanar da mutum an same shi da laifi, ba wai jami'i ya shigo kasuwa ya karɓi miliyan 10 a hannunka ba. Duk wanda ya zo ya ce ka ba shi wani abu ya kashe maganar a nan take, damfara ce.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan haɗin bakin muna yinsa. Na taɓa gani da idona a wata kasuwa, wani bawan Allah ya taho da albasa daga ƙauye a bayan a-kori-kura, yana so ya sayar da sauƙi ya koma kafin magariba, aka tare shi aka ce sai ya bi ta hannun dillalai kuma ba zai sauka daga kuɗin da aka tsayar ba. Ya wuni a rana, ƙarshe ya saki kayan a hannunsu da araha, su kuma suka sayar mana da tsada. Shi bai ci ba mu ba mu ci ba. Masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta su sani wannan ba kasuwa ce ke yin halinta ba, mutum biyar ne suka riƙe mata wuya.

To ina maganar yanke farashi ta samo asali? Wuri uku. Na farko a Fabrairun 2024 wata babbar kotun tarayya a Legas, a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar, ta umarci gwamnati ta ƙayyade farashin wasu kaya irin su madara da fulawa da gishiri da sukari da man fetur, bisa tsohuwar dokar ƙayyade farashi ta 1977. Wata doka ce daban ta zamanin soja. A wannan watan na Fabrairun 2024 dai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau kan zargin ɓoye abinci, wannan kuma hukumar jiha ce. Sai a ƙarshen Agustan 2024 shugaban FCCPC Tunji Bello ya ba 'yan kasuwa wa'adin wata ɗaya, aka ɗauka ana nufin kowa ya karya farashi ko a kama shi, har sai da hukumar ta fito ta ce ita ba ƙayyade farashi take ba, masu haɗin baki da zaluntar masu saye take nufi. Mutane suka haɗa ukun suka dama suka yi kunu ɗaya.

Akwai dai ƙofa a dokar, sashe na 88, shugaban ƙasa zai iya ayyana cewa a ƙayyade farashin wani kaya, amma sai hukumar ta ba da shawara, sai an ga cewa babu gasa ta gaske a wannan kayan, kuma sai an buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta da sanarwarta, da sunan kayan. Ba a yin sa da saƙon WhatsApp.

Ni kam ina ganin daidai aka yi da aka ƙuntata wannan ƙofar. Ku tambayi iyayenmu yadda aka yi a 1984 lokacin da sojoji suke fasa shaguna suna sayar da kaya a farashin gwamnati, kwana biyu aka yi murna, daga nan madara da sabulu da sukari suka ɓace daga kanta, aka koma bin layi da saye ta bayan fage. Ɗan kasuwar da aka tilasta ya sayar da faɗuwa ba zai sake saro kaya ba, shi ke nan. Malamanmu ma suna kawo hadisin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi bai yi ba, amma kuma shi ne ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Ka bar mutum da farashinsa, ka hana shi toshe wa jama'a hanya, kusan a kan wannan layin dokar take tafiya.

Wani abu ƙarami da masu manyan kantuna ya kamata su kiyaye shi ne sashe na 115, dole a nuna farashin kaya kuma ba a karɓi sama da abin da aka rubuta ba. A kan irin wannan zargin ne aka rufe wani babban kanti a Abuja a 2024, kuɗin kan kanta daban na wajen kashiya daban.

Inda ni nake da damuwa shi ne sashe na 127, wanda ya hana sayar da kaya a farashin da rashin adalcinsa ya fito fili. To wa zai auna? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira, mai kaya yana sayarwa yau ya je sari gobe ya tarar kuɗin ba su kai ba, dole ya sa farashin sarin gobe a lissafi, mai saye kuma gani yake zalunci ne tunda tsohon kaya ne. Jumla mai faɗi irin wannan a hannun jami'in da ba ya tsoron Allah sanda ce, kuma mun san wa take fara sauka a kansa. Gaskiya ne hukumar ta taɓa manya, ta ci kamfanin taba na BAT tarar dala miliyan 110 a 2023, ta ci Meta mai Facebook da WhatsApp dala miliyan 220 a 2024, kuma akwai kotu ta musamman da dokar ta kafa inda ake ƙalubalantar hukuncinta. Amma su suna da lauyoyi da za su yi shekaru ana fafatawa, kawuna kuwa in aka garƙame masa shago sati ɗaya jarinsa ya tafi. Ina so in ga wannan zafin a kan kayan da kamfani biyu ko uku ne kacal ke riƙe da su kafin a zo kan mai buhu arba'in.

Abin da na ce wa Kawu shi ne ya riƙa adana rasit ɗin sarinsa ko da a leda ne, ya bar shagonsa a buɗe yana sayar wa duk wanda ya zo, in kuma aka kira taron tsayar da farashi a ƙungiya kar ya sa hannu a takardar. Ya ce to in suka ci ni tara fa? Na ce wannan takardar tarar ita ma ka adana ta.