Rufisk

Rufisk gari ne a bakin Tekun Atlantika a ƙasar Senegal, kimanin kilomita 25 gabas da Dakar. Yau gine-ginen babban birnin sun riga sun cim masa, amma akwai zamanin da Dakar ba ta kama ƙafarsa a harkar ciniki ba.

Asalinsa ƙauyen masunta ne na al'ummar Lebu, kuma nan ce mashigar masarautar Kajor ta teku. Fatake daga Fotugal da Holan da Faransa sun daɗe suna yada zango a gaɓarsa suna sayen fatu.

Gyaɗa ce ta ɗaukaka garin a ƙarni na 19. Kamfanonin Faransa, irin su Maurel et Prom, suka gina manyan ɗakunan ajiya na dutse, aka shimfiɗa ƙananan layukan dogo daga bakin sito har kan gadojin da suka miƙe cikin ruwa, leburori na tura buhuna a kai. Hanyar jirgin ƙasa ta Dakar zuwa Sen Luwi, wadda aka buɗe a 1885, ta ratsa garin, gyaɗar ƙauyuka ta riƙa kwararowa. Tun 1880 Faransa ta ba Rufisk majalisar gari tasa ta kansa, shekara bakwai kafin Dakar ta samu. Da shi da Sen Luwi da Gore da Dakar ake kira garuruwa huɗu, waɗanda dokar 1916 ta tabbatar wa haifaffunsu matsayin 'yan ƙasar Faransa.

Sai dai gaɓar Rufisk ba ta da zurfi, ba ta kuma da kariya daga igiyar ruwa. Da Dakar ta zama hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma a 1902, aka kuma gina mata tashar da manyan jirage ke iya shiga, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can. A 1938 aka buɗe makarantar horar da malamai mata a garin, inda marubuciya Mariama Ba ta yi karatu. Daga baya masana'antar siminti ta Sococim ta zama babbar madogarar ma'aikata.

Babbar damuwar garin yanzu zaizayar teku ce. A unguwannin Cawlen da Jokul ruwa ya ci gidaje har da wani ɓangare na maƙabarta, dole aka jibge duwatsu don tare shi. Jirgin ƙasan zamani na TER, da ya fara aiki a Disambar 2021, yana tsayawa a Rufisk, kuma da yawa daga mazauna garin shi suke hawa zuwa aiki a Dakar.