Yawo a cikin bishiyar XML: me ya sa firstChild ba ya kawo abin da ka nema?

Fayil ɗin XML, wato tsarin rubuta bayanai a tsakanin alamomin buɗewa da rufewa da ake kira tag, a ido tsaf yake, amma da zarar mai rubuta kod ya fara bin gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya riƙa cin karo da abubuwan da bai ga an rubuta ba. Ga ɗan fayil ɗin da za mu yi aiki da shi:

```
<duniyoyi>
  <duniya suna="Mars">
    <wata>Phobos</wata>
    <wata>Deimos</wata>
  </duniya>
</duniyoyi>
```

Wace bishiya ake nufi, alhali rubutu ne kawai a fayil?

Rubutu ne har zuwa lokacin da manhajar tsefewa, wadda ke rarrabe rubutun kashi-kashi, ta karanta shi. A burawza, `DOMParser` ne ke wannan aiki: ka miƙa masa rubutun ta `parseFromString`, ya mayar maka da tsari mai rassa, inda kowane tag, kowane guntun rubutu da kowane sharhi ya zama gaɓa mai zaman kanta. Tsarin shi ake kira DOM. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da XML 1.0 a Fabrairun 1998, ta biyo da matakin farko na DOM a Oktoban shekarar. Gaɓar da ke can ƙoli ita ce takardar kanta, ba `duniyoyi` ba. Idan `duniyoyi` kake so, `documentElement` za ka kira.

Da me ake motsawa daga gaɓa zuwa gaɓa?

Dangantakar iyali ce. `parentNode` ya hau da kai wurin uwa. `childNodes` ya ba ka jerin 'ya'ya, `firstChild` ɗan fari, `lastChild` auta. `nextSibling` ya kai ka ga ƙane, `previousSibling` ga wa. Inda hanya ta ƙare, kamar ka nemi ƙanen auta, amsar `null` ce, wato babu komai, kuma da ita ake sanin lokacin tsayawa.

`duniya` na da wata biyu. Me ya sa `childNodes.length` ke cewa 5?

A nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Dubi fayil ɗin da kyau. Bayan `<duniya suna="Mars">` akwai sauka zuwa sabon layi da 'yan filaye (space) huɗu kafin `<wata>` ya fara. Kai kana ganinsu ado ne da aka yi don sauƙin karatu, amma ƙa'idar XML ta wajabta wa manhajar tsefewa ta miƙa duk harafin da ba na tag ba, har da fili. Saboda haka 'ya'yan `duniya` su ne: rubutun fili, `wata` na farko, wani filin, `wata` na biyu, sai filin ƙarshe kafin a rufe. Biyar ke nan. Idan ka kira `firstChild` kana jiran Phobos, abin da zai zo gaɓa ce mai suna `#text` wadda ba ta ɗauke da komai sai iska.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kod ɗin na iya aiki lafiya lau a kan fayil da aka rubuta a layi guda ba fili, ya watse ranar da wani ya gyara fayil ɗin ya jera shi da kyau. Bayanan ba su canza ba, bishiyar ce ta canza. A da ma tsohon Internet Explorer yakan zubar da waɗannan filaye yayin da Firefox ke ajiye su, sai kod guda ya ba da amsa biyu.

To yaya ake tsallake su?

Ka tambayi gaɓa ko mece ce ita kafin ka taɓa ta. `nodeType` na ba da lamba: 1 gaɓa mai tag, 3 rubutu, 8 sharhi, 9 takardar kanta.

```
let g = duniya.firstChild;
while (g && g.nodeType !== 1) g = g.nextSibling;
```

Wannan ya tsallake fili, ya tsallake sharhi, ya tsaya a kan `wata` na farko. Amma a burawzar yau ba sai ka sha wannan wahala ba. Akwai `firstElementChild`, `nextElementSibling` da `children`, waɗanda masu tag kaɗai suke gani. A ganina, in ba rubutun da ke tsakanin tag-tag kake buƙata ba, babu dalilin taɓa `firstChild` ko kaɗan.

Na isa kan `wata`, amma `nodeValue` ya ce `null`. Ina Phobos ɗin?

Yana ƙasa da taki ɗaya. Kalmar ba ta jikin tag ɗin, ɗiya ce a cikinsa, gaɓar rubutu. Don haka ko dai `wata.firstChild.nodeValue`, ko kuma `wata.textContent`. Na biyun ya fi aminci, domin idan tag ɗin fanko ne ba shi da ɗan fari, na farkon zai jefo maka kuskure. Sai dai `textContent` na tattaro rubutun duk zuriya: ka kira shi a kan `duniya`, ka samu Phobos da Deimos tare da filayen da ke kewaye da su.

`suna="Mars"` fa, shi ma ɗa ne?

A'a. Siffofin da ke cikin tag ba sa shiga `childNodes`. Da `getAttribute("suna")` ake ɗauko su.

Na zagaya `childNodes` ina goge kowace gaɓa, amma wasu sun tsira. Ta yaya?

Jerin rayayye ne, yana sauyawa nan take da bishiyar ta sauya. Gwada a kan 'ya'ya biyar ɗin nan, kana ƙirga daga 0 kana hawa. Ka goge na 0, wato filin farko, sai kowa ya matso gaba, Phobos ya koma matsayi na 0. Kai kuwa ka riga ka wuce zuwa 1, ka goge fili na biyu. A matsayi na 2 ka goge fili na uku, jerin ya ƙare. Filayen duk sun tafi, wata biyun da kake son gogewa suna nan daram. Maganinsa ka fara daga ƙarshe ka sauko, ko ka yi ta cire `firstChild` har ya zama `null`, ko ka kwafi jerin da `Array.from` kafin ka fara.

Haka abin yake a Python?

Ya danganta da kayan aikin. `xml.dom.minidom` na bin tsarin DOM, shi ma 5 zai ƙirga. `ElementTree` kuwa ya bi wata hanya dabam: 'ya'yan `duniya` biyu ne cak, rubutun cikin tag yana `text`, filin da ya biyo bayan rufe tag yana `tail`. Ya fi daɗin aiki, amma gaɓarsa ba ta san uwarta ba, ba za ka iya hawa sama daga gare ta ba. Mai buƙatar hakan sai ya koma wani kayan aikin Python ɗin, `lxml`, wanda ke da `getparent()`.

Dole ne sai an bi gaɓa-gaɓa?

Ba dole ba ne, kuma sau da yawa ba shi ne daidai ba. Idan ka san abin da kake nema, `getElementsByTagName("wata")` zai kwaso su duk inda suke. XPath, salon rubuta hanyar zuwa gaɓa wanda ya fito a 1999, ya fi nan ƙarfi: `/duniyoyi/duniya[@suna='Mars']/wata[2]` zai kai ka kan Deimos kai tsaye. A lura, XPath daga 1 yake fara ƙirga, `childNodes` daga 0. Bin gaɓa-gaɓa ya fi dacewa inda tsarin jerin ke da muhimmanci, kamar sakin layi da rubutu da tag suka cakuɗe a ciki.

Idan kuma fayil ɗin ƙato ne, gina bishiyar kanta ce matsalar, domin DOM na loda komai cikin RAM, kuma bishiyar ta fi fayil ɗin cin wuri. A nan ake komawa SAX, wata hanyar karanta XML ba tare da gina bishiya ba, ko `iterparse` na Python, waɗanda ke karanta fayil daga sama zuwa ƙasa suna sanar da kai duk tag ɗin da ya buɗe ko ya rufe. A SAX babu `parentNode`, don haka kai ne za ka riƙa ajiye lissafin tag ɗin da kake ciki.