Bunƙasar Filankton a Teku

Filankton suna ne na ƙananan halittun da ke shawagi a cikin ruwa, waɗanda ba su da ƙarfin yin iyo da kansu, sai inda igiyar ruwa ta kai su. Wani kaso daga cikinsu yana haɗa abincinsa da hasken rana kamar yadda tsirrai ke yi, kuma an ƙiyasta cewa shi ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, amma idan suka hayayyafa cikin 'yan kwanaki sukan mayar da ruwa kore ko ja ko ruwan ƙasa, har tauraron ɗan'adam ya hango su daga sama. Wannan yawaita ta farat ɗaya ita ake kira bunƙasa. Mutanen Kebbi da Zamfara ba su kusa da teku, amma sun san danginta, wato gansakukar da ke rufe tafki idan ruwa ya kwanta da rani.

Abinci ne sharaɗi na farko. A 1934 masanin teku Alfred Redfield na Amurka ya nuna cewa jikin filankton yana ɗauke da naitirojin da fosfaras a kan ma'auni kusan tsayayye, wanda daga baya aka tsayar a kan kashi 16 na farko ga kashi 1 na biyu. Sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girma, ko da sauran sun wadata. Nau'in da ake kira diyatom yana buƙatar ƙarin silika, sinadarin da ke cikin yashi, don gina ɓawonsa. A Tekun Kudu kuwa, kewayen Antatika, naitirojin yana da yawa amma filankton ba su da yawa, kuma masanin teku John Martin ne ya bayyana a ƙarshen shekarun 1980 cewa rashin sinadarin ƙarfe ne dalili. An gwada wannan ra'ayi a 1993 kusa da tsibiran Galafagos, inda aka zuba narkakken ƙarfe a ruwa, filankton suka ƙaru.

Nan ne yankinmu ya shigo cikin lissafi. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda ke haddasa hazo a Gusau da Birnin Kebbi, tana ɗauke da ƙarfe da fosfaras, kuma wani ɓangarenta yana zuba a Tekun Atlantika. Can tana ciyar da Trichodesmium, halittar da ke iya jawo naitirojin daga iska, aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙarfe mai yawa.

Haske ne sharaɗi na biyu, kuma hasken da ya isa haɗa abinci ba ya wuce zurfin kusan mita 200 ko a ruwa mafi tsabta, saboda haka motsin ruwa yana da muhimmanci ƙwarai. A 1953 masanin teku Harald Sverdrup ɗan ƙasar Norwe ya bayyana cewa idan iska tana jujjuya ruwa zuwa zurfi sosai, filankton sukan daɗe a duhu fiye da yadda za su jure. Sai ruwan sama-sama ya ɗumama ya natsu, sannan bunƙasa ta tashi. Akasin haka ke faruwa a gaɓar Gana da Kwaddibuwa tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwan ƙasa mai sanyi da abinci ke tasowa sama, kifi kuma ya biyo baya. Zafi yana zaɓar wanda zai rinjaya: diyatom sun fi son ruwa mai sanyi da motsi, nau'o'in da ke jajanta ruwa kuma sun fi yawaita inda ya yi ɗumi ya kwanta.

Hannun ɗan'adam ya ƙara wa lamarin ƙarfi. Takin zamani da ruwan sama ya wanke daga gona ba ya ɓacewa, yakan bi kogi har bakin teku. A Tekun Meziko, takin da Kogin Misisifi ke kawowa yana haddasa bunƙasa duk shekara, kuma idan filankton suka mutu suka nutse, ruɓewarsu tana cinye oksijin ɗin ƙasan ruwa. A 2017 yankin da abin ya shafa ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Ba kowace bunƙasa ce ke da illa ba, domin akasarinsu su ne tushen abincin kifi. Kaɗan ne ke fitar da guba, amma ta kan yi muni. A 1987 a tsibirin Firins Edwad na Kanada, sama da mutum 100 sun kwanta, 3 suka rasu, bayan cin ƙumbar teku da ta tara gubar wani diyatom mai suna Pseudo-nitzschia. Dafuwa ba ta kashe irin wannan guba, shi ya sa hukumomi ke rufe wuraren kamun ƙumba har sai gwaji ya nuna ta sauka.